Suna Linzami Ne: Me Muka Rubuta a Jikin Robar Man Shafawa?



Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Wudil ranar Juma'a ya san yadda ake cinikin sa. Mai saye ba ya tsayawa ga zaƙin bakin dillali. Sai ya zagaya dabbar, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta, sannan a fara taya da albarka. Mutumin da ya taso daga Gaya ko Garko ko Sumaila da kuɗinsa a aljihu ba zai yarda a yi masa cinikin biri a sama ba. Amma wannan mutumin, in ya gama da kara, zai ratsa ta wajen masu kayan kwalliya ya saya wa iyalinsa robar man shafawa wadda ba abin da ke rubuce a jikinta sai: haɗin gargajiya, ba kemikal, sakamako cikin kwana bakwai. Sa an duba haƙoransa. Man da za a shafa wa uwa da jaririnta safe da yamma kuwa, ba wanda ya tambayi me ke cikinsa.

Wani zai ce me ya haɗa marubuta da man shafawa? Abin da ya haɗa mu shi ne, mu muke rubuta wannan takardar. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawanmu kuɗin farko da alƙalami ya kawo mana na talla ne, tun kafin littafi ya kawo ko sisi. Yaya ko gwaggo ko maƙwabciya ta fara sana'ar haɗa sabulu da dilka da man gyaran jiki, sai ta ce, "Ke da kika iya Hausa, tsara min abin da zan manna a jikin roba." Waɗanda ke sakin littafi a waya kuma sun san yadda ake cusa tallar kayan gyaran jiki tsakanin shafi da shafi, daidai inda labari ya yi daɗi. Mai karatu ta yarda da mu ne, sai yardar ta bi ta kan kayan da muka yaba.

Akwai abin da ya faru da ɗaya daga cikinmu, ita ta ba mu izinin faɗa ba tare da suna ba. Ta tsara wa wata mai haɗi sitika mai kyau, Hausa tsaf: man kaɗanya, zuma, kurkur, da sirrin amare. Bayan wasu watanni ƙanwarta, wadda ta daɗe tana shafa man, ta fara ganin nankarwa a damtse da cinya alhali ba ta taɓa haihuwa ba, fuska ta yi ja, in ta shiga rana sai raɗaɗi. Da ta daina shafawa sai ƙuraje suka feso. A asibiti ma'aikaciyar lafiya ta ce a kawo abin da take shafawa. Aka kawo. Ta juya robar gaba da baya, ta ce, "Wannan ai bai gaya min komai ba. Mene ne sirrin amare?" Sai da aka matsa wa mai haɗin sannan ta ce tana matsa wasu 'yan bututun kirim na kemis a ciki, don shi ke sa haske ya fito da wuri. 'Yar uwarmu ta ce abin da ya hana ta barci shi ne, kalmar sirrin amare ita ta ƙirƙiro ta, don ta ji ta fi daɗi a baki.

Matsayinmu a wannan mako ke nan: takardar jikin roba rubutu ce, kuma a cikin duk rubutun da muke yi babu wanda kuskurensa ya fi saurin taɓa jikin mutum kamarta. Duk abin da aka zuba a cikin haɗi dole a rubuta sunansa, sunansa na gaskiya, wanda wani a wani gari zai karanta ya gane abu ɗaya da abin da mai haɗin take nufi. Marubucin da ba a gaya masa abin da ke ciki ba, kada ya rubuta.

In muka duba robobin da ke gaban madubin gidajenmu, za mu ga laifin suna iri uku ne.

Na farko, kuma mafi muni, shi ne sunan da aka ɓoye. Man kaɗanya yana tausasa fata, yana kare ta daga bushewar hunturu, yana taimakon mai kaushi da faso. Amma ba ya mayar da baƙin mutum fari cikin mako guda. Zuma ma ba ta yi, madara ba ta yi, kurkur ba ya yi. Duk haɗin da ya yi wannan aikin cikin kwana bakwai, to akwai baƙon da ba a gabatar da shi ba. Baƙin nan sanannu ne. Akwai magungunan sitiroyid masu ƙarfi irin su kulobetasol da betametason, waɗanda likita ke rubuta wa mai wata cutar fata na ɗan lokaci. In aka mayar da su man kullum sai fata ta yi sirara, nankarwa ta fito, makero da ƙyasbi su samu wurin zama, ciwo ya riƙa daɗewa bai warke ba. Akwai haidurokwinon, wanda daɗewa ana shafa shi kan bar baƙin tabo mai wuyar fita, wato ainihin abin da aka gudu shi ake tararwa. Akwai kuma zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, mai iya kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Saboda haɗarinta ne ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta ɗauki sunan garin Japan da zaiba ta yi wa ɓarna.

Abin ba ƙarami ba ne. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan ƙara hasken fata. A watan Fabrairun 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Sai dai ga inda namu laifin yake. Mace da ta sayi man bilicin da sunansa ta san abin da ta saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wadda aka cuta ita ce wadda ta ƙi bilicin da gangan, ta nemi na gargajiya don ta tsira, sai aka sayar mata da bilicin ɗin a cikin rigar kaɗanya. Mu muka ɗinka rigar.

Na biyu shi ne sunan aro, inda ake kiran abu da sunan wani. Lalle, wanda masana tsirrai ke kira Lawsonia inermis, ja yake bayarwa, in ya kama sosai ya yi ja mai duhu. Ba ya yin baƙi wuluk cikin rabin awa. Abin da muke kira baƙin lalle galibi rinin gashi ne, dayis, mai ɗauke da sinadarin da ake taƙaita sunansa da PPD. Wasu fatarsu ba ta damuwa da shi, wasu kuwa zanen furen gaba ɗaya ke tashi ya zama bororo, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har abada. Amaryar da aka ce mata lalle ne ba ta da dalilin yin tambaya, don kakarta ma ta yi lalle.

Kwalli ma haka. A Turanci an daɗe ana kiransa da sunan ƙarfen antimoni, alhali gwaje-gwaje sun nuna da yawa daga cikin dutsen da ake niƙawa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka bincika sai aka tarar kwallin da aka kawo masa daga Najeriya ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta wuraren haƙar zinare ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba.

A cikin sunan aro har da ƙananan ha'inci da muka saba da su har ba ma ganinsu. Roba ta ce man kaɗanya da manyan baƙaƙe, alhali rabinta basilin ne, kaɗanyar cokali biyu. Kwalba ta ce man zaitun, alhali an tsinka shi da man gyaɗa, ga shi kuwa akwai mutanen da gyaɗa ke tayar musu da borin jini. Sai uwa uba, "ba kemikal" a jikin sabulu. Sabulu ba ya yiwuwa sai mai ya haɗu da abu mai kaifi, ko soda ko ruwan toka. Sabulun salo ma da toka ake yin sa. Wannan ba aibi ba ne, haka ake sabulu tun kaka da kakanni. Aibin shi ne mu rubuta abin da muka san ba haka yake ba, mu kuma koya wa mai saye cewa duk abin da ya fito daga daji ba ya cutarwa. Tunfafiya ma daga daji take, wa zai ɗiga ruwanta a ido?

Na uku shi ne sunan da ya rikice, kuma nan ne aikin ya fi zama namu, don matsalar harshe ce. Hausa tana da faɗi. Bishiyar da Bakano ke kira darbejiya, wani dogon yaro ya sani, wani maina, wani bedi. Duk abu ɗaya ne, Azadirachta indica. Wani lokacin kuma suna ɗaya ne ke hawa kan abu biyu. In aka rubuta man kwakwa, wace kwakwar? Kwakwar Attagara, Cocos nucifera, mai ruwa a ciki, ko kwakwar manja, Elaeis guineensis, wadda ɓargonta ke ba da manja, ƙwallonta kuma ke ba da alayyadi? Mai uku ke nan daban-daban, kowanne da halinsa a fata. Masu sayar da garin sidir na wanke gashi sukan ce magarya ce, wasu su ce kurna; 'yan uwan juna ne, amma magarya Ziziphus mauritiana ce, kurna kuwa Ziziphus spina-christi. Mafi haɗari, mun sha ganin an gwama zurma da cini-da-zugu. Zurma, Ricinus communis, ita ke ba da man da ake shafawa a gashi da gira. Cini-da-zugu, Jatropha curcas, wanda ake shinge da shi, mansa yana da guba kuma yana iya ƙona fata. Mai haɗin da ta karanta fassarar da ba daidai ba a waya, ta je ta tsinko na bakin shinge, wa za a kama?

Duniya ta daɗe da samo mafita ga irin wannan ruɗani. Tun 1753 Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya daidaita tsarin ba kowane tsiro suna mai kalma biyu na Latin, wanda ba ya canzawa daga gari zuwa gari. Masu kayan kwalliya kuma suna da nasu kundin sunaye da ake kira INCI, wanda ya faro a Amurka a shekarun 1970, yau kuma shi ake gani a bayan kwalaben Turai da ƙasashe da dama. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: a jera kayan haɗi daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. Ruwa shi ne Aqua, turare Parfum, kakin zuma Cera Alba. Man kaɗanyarmu kuwa Butyrospermum Parkii Butter, kuma wannan Parkii ɗin sunan Mungo Park ne, Baturen da ya ga bishiyar a tafiyarsa ta Afirka ta Yamma, ya kuma rasu a Bussa a 1806. Abin dariya abin takaici: kaɗanyar da iyayenmu ke daka ƙwararta tun kafin a haife shi tana yawo a duniya da sunansa, mu kuma mun kasa rubuta nata na Hausa daidai a jikin robarmu.

Ba muna cewa a jefar da Hausa a rungumi Latin ba. A rubuta biyun, kafaɗa da kafaɗa. Na Hausa don mai saye, na Latin don likita da mai kemis da jami'in hukuma da wanda zai saya a Maraɗi ko Legas. Ga misalin yadda za ta kasance:

Man shafawa na kaɗanya da riɗi.
Abin da ke ciki, daga mai yawa zuwa kaɗan: man kaɗanya, Butyrospermum Parkii Butter, man riɗi, Sesamum Indicum Seed Oil, kakin zuma, Cera Alba, turare, Parfum.
Gargaɗi: akwai riɗi a ciki. A gwada kaɗan a cikin hannu a jira kwana biyu. Kada ya shiga ido.

Sai a bi da nauyinsa, ranar da aka haɗa, ranar da zai lalace, da sunan mai haɗin da inda za a same ta. Waɗannan duk suna cikin abin da NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ke nema a jikin kayan kwalliya, tare da lambar rajista. Ƙa'idarta ita ce bayanin ya kasance da Turanci, amma ba ta hana a ƙara wani harshe ba. Ƙofar Hausa a buɗe take, mu ne ba mu shiga ba.

Mun san abin da masu haɗi za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce, "In na rubuta komai, gobe maƙwabciyata ta kwaikwaya, na ci me?" Amsa ita ce jerin suna daban, gwaninta daban. Kowa ya san abin da ke cikin kilishi: nama, tunkuza, kayan yaji, gishiri. Duk da haka mutane na tsallake masu kilishi goma su je wajen ɗaya. Awo da hannu da haƙuri su ne sirrin, kuma ba wanda ya ce a rubuta su. Haɗin da ba shi da wani sirri sai bututun kemis da aka ɓoye, wannan ba sirrin sana'a ba ne, algus ne.

Za su ce masu sayenmu ba sa karatu. Wasu ba sa yi, gaskiya ne. Amma akwai ɗan makaranta a gidan, akwai masu karanta ajami waɗanda ba mu taɓa tunanin rubuta musu ba, akwai saƙon murya da za a iya karanto jerin a ciki. Kuma ranar da abu ya ɓaci, wadda za ta karanta ita ce ma'aikaciyar asibiti, kamar yadda muka gani a sama. Layi uku na gaskiya za su iya rage mata lalube.

Za su ce rajista da gwaji sai mai jari. Nan kam mun yarda akwai wahala, kuma mace mai haɗa roba ashirin a tsakar gida ba daidai take da kamfani ba. Hanya ɗaya ita ce masu sana'ar su haɗa kai cikin ƙungiya su nemi rajista tare. Amma ko kafin nan, rubuta gaskiya ba ya cin ko kwabo fiye da rubuta ƙarya. Tawada ɗaya ce, sitika ɗaya ce. Kuma kada wani cikinmu ya kuskura ya ƙirƙiro lambar rajista don takarda ta yi kyau. Wannan ya wuce ado, ya zama laifi a gaban doka.

To mu me ya rage mana? Kafin mu karɓi aikin talla ko sitika, mu ce a kawo mana kayan haɗin mu gani da idonmu, har da kwalayen da aka matse aka jefar. Sunan da ke jikin kwalin kemis mu kwafe shi harafi da harafi. In mai haɗi ta ce akwai abin da ba za ta faɗa ba, mu mayar mata da kuɗinta cikin mutunci. Sunan tsiro kuma kada mu dogara da fassarar waya, don ita ce ke mayar da kurna magarya. Tun 1916 wani likita mai suna J. M. Dalziel ya wallafa kundin sunayen tsirrai na Hausa tare da na Latin, ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma cike yake da su. A nan Wudil muna da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, inda ake da malaman ilimin halittu da na sinadarai. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai ma'ajiyar busassun tsirrai inda ake tantance ganye. Tsinko ganyen da furensa ka kai a duba ya fi dogon musu a waya. Tsofaffin masu saiwa na kasuwar Kurmi su ma makaranta ce, sai dai a tambayi fiye da ɗaya.

Mu kuma kula da ƙugiyar haruffa. Kaɗanya da ɗ take, riɗi ma haka, baƙin sabulu da ƙ yake. In muka rubuta bakin sabulu mun ba sabulu baki. Wanda ya yi sakaci da harafi, da wuya a yarda bai yi sakaci da awo ba. Kalmomin da ba su da ma'ana tsayayya, irin su sirri, haɗin Larabawa, oganik zalla, mu bar su a cikin labari inda ba za su ƙona kowa ba.

Muna yawan kukan cewa ba a ɗauki Hausa harshen ilimi da kimiyya ba. Ga wuri nan ƙarami, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, inda za mu nuna Hausa na iya faɗin abu daidai ba ragi ba ƙari. Hausawa sun ce suna linzami ne. Linzamin da aka ɗaura ba daidai ba kuwa, mahayi yake kayarwa, kuma a wannan sana'ar mahayin ƙanwarmu ce.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauko roba ɗaya daga gaban madubin gidansu, ya karanta abin da ke jikinta, ya rubuta tambayoyin da takardar ta kasa amsawa, sannan ya sake tsara ta yadda ya kamata cikin layi biyar. Waɗanda ke da wasu sunayen darbejiya ko zurma a karin harshen garinsu, su kawo mana mu ƙaru.

Allah ya tsare mana alƙalumanmu daga cutar da wani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.